Shin Da Gaske Akwai Motar Da Kuɗi Ba Sa Saye?

 Kamar yadda muka saba, abin da aka ji a gidan rediyo shi ne muke kawowa a rubuce, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kan hanyar cin kasuwa ya samu, wanda kuma ya ji ya manta ya sa yaro ya maimaita masa.

Wasiƙu biyu muka haɗa a wannan mako, saboda amsarsu ɗaya ce. Ta farko daga wani malami ce mai sayar da hatsi, wanda ya rubuto a madadin 'yan rumfarsu. Ga abin da yake cewa:

"Malam, gardama ce ta sarƙe tsakanin abokaina biyu. Ɗaya direban babbar mota ne da ke ɗauko mana kaya. Ya ce ya ji akwai wata mota da Turawa suka ƙera wadda komai dukiyar mutum ba za a sayar masa ba, sai in sarki ne shi ko shugaban ƙasa. Ɗayan kuwa dillali ne, ya ce wannan zancen tasha ne kawai, ba a taɓa yin Baturen da ya ƙi kuɗi ba. Maganar ta yi zafi har ɗaya ya kira ɗaya maƙaryaci a gaban jama'a, yau mako uku ke nan ba su sa hannu a kwano ɗaya ba, alhali sun fi shekara goma suna tare. Don Allah a raba mana wannan gardama."

Ta biyun kuwa daga wani manomi ce, wanda ya kai ɗansa koyon aiki wurin masu ɗora wa manyan motoci bodin katako. Ya ce mutanen gari suna yi masa dariya wai ya kai yaro aikin da ba shi da daraja, shi ne yake tambaya ko Turawa ma sun taɓa yin bodin mota da hannu.

To malamai, mun gode da wasiƙunku. Amsa a taƙaice ita ce, direba bai yi ƙarya ba, an yi wannan mota. Sunanta Rolls-Royce Phantom IV, wato Phantom ta huɗu, kuma a Ingila aka ƙera ta daga 1950 zuwa 1956. Guda 18 kacal aka yi a duniya, kuma kamfanin bai yarda ya sayar wa attajiri don kuɗinsa kawai ba. Amma kada dillali ya tashi tukuna, domin shi ma yana da nasa rabo a ƙarshen labarin. Shi kuwa manomi, kowace ɗaya daga cikin motocin nan 18 da hannu aka yi mata bodi.

CASIS DABAN, BODI DABAN

Kafin a gane wannan mota sai an gane yadda ake yin motocin alfarma a wancan zamani. Duk wanda ya taɓa zuwa inda ake ɗora bodin katako ya ga yadda sabuwar gingimari take zuwa tsirara: inji da giya da sitiyari da tayoyi, da doguwar ƙashin bayan nan ta ƙarfe da ake kira casis. Mai mota shi zai kai ta wurin kafintoci ya ce ga irin bodin da yake so, na ɗaukar buhuna ne ko na shanu, ga tsawon da yake so, ga launin fenti, ga rubutun da za a yi a baya.

To haka Rolls-Royce yake yi tun kafuwarsa a 1906. Shi kamfanin casis da inji yake ƙerawa, ya gwada su, ya buga musu lamba. Daga nan sai mai saye ya zaɓi gidan masu yin bodi. Waɗannan gidaje sana'arsu ta girmi mota kanta. Alal misali gidan Hooper da ke Landan, da kekunan doki na sarakuna ya fara tun farkon ƙarni na 19, da mota ta zo sai ya juya ya kama yi mata bodi.

Aikin kuwa ba na gaggawa ba ne. Za a zauna da mai mota a zana masa hoto, ya ce a ƙara nan a rage can, har sai ya gamsu. Sa'an nan a haɗa ƙwarangwal ɗin bodin, a da da katako mai ƙwari, daga baya kuma wasu gidajen suka koma ƙarfe mara nauyi. Sai a kawo fallayen alminiyam, irin wanda muke yin tukwane da shi, maƙera su yi ta bugu da guduma suna murzawa a tsakanin wasu ƙafafun ƙarfe biyu, har falle ya lanƙwasa ya zauna daram a inda ake so. Fenti kuwa shafe bisa shafe ake yi, kowane ya bushe a goge shi da hannu kafin a ƙara wani. Bayan haka dukawa su shigo su ɗinka kujeru, kafintoci su lulluɓe ciki da katako mai zane wanda aka goge har mutum ya ga fuskarsa. Wata da watanni ake yi a kan mota guda. Shi ya sa ko casis iri ɗaya ne, da wuya ka ga biyu sun yi kama ta kowace fuska.

Cikin motocin nan 18, gidan H. J. Mulliner ya yi wa 9 bodi, gidan Hooper ya yi wa 7, gidan Park Ward ya yi wa 1, sai wani gida na Faransa mai suna Franay ya yi wa 1.

YADDA ABIN YA SAMO ASALI

Tun daga 1900 gidan sarautar Ingila motocin kamfanin Daimler yake hawa, Rolls-Royce yana gefe yana haɗiyar yawu. A 1948 sai aka ba Yarima Philip, mijin Gimbiya Elizabeth, aron wata motar gwaji ƙirar Bentley, wanda a lokacin kamfani ne da ke ƙarƙashin Rolls-Royce. Injiniyoyi sun sa mata wani babban inji, kuma saboda yadda take zabura sai suka yi mata laƙabi da kyanwar da ruwan zafi ya zubo wa. Yarima ya tuƙa ta, ta shiga ransa. Ba a daɗe ba sai odar mota ta iso kamfanin daga gidan Gimbiya.

An miƙa motar a watan Yuli na 1950, da bodin H. J. Mulliner, fentinta kore mai duhu. Lambar casis ɗinta 4AF2. Tsawonta ya kusa ƙafa 19. An yi mata manyan tagogi, aka kuma yi kujerar baya yadda jama'ar da ke bakin titi za su iya hango wanda ke ciki, domin motar sarki ba ta ɓuya ba ce. Kujerar direba kuwa da Yarima aka auna ta, don shi mutum ne mai son ya riƙe sitiyari da kansa.

Injin mai silinda takwas ne a jere, wato abin da makanikai kan ce mai fulogi takwas, girmansa lita 5.7, na ƙarshe-ƙarshen kuma aka ƙara shi zuwa lita 6.5. Abin mamaki, dangin injin nan ne ake sa wa motocin soja da na kashe gobara. Dalilin zaɓensa shi ne, motar biki ba gudu ake nema a wurinta ba. Ana so ta yi ta rarrafe a bayan dawaki da masu fareti na tsawon lokaci, ba ta yi zafi ba, ba ta mutu a tsakiyar taro ba. Duk direban da ya taɓa maƙalewa a cunkoson ranar kasuwa har lagireto ya tafasa, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Da labarin motar ya bazu, sai masu hannu da shuni suka fara tambaya. Kamfanin ya tsaya a kan cewa wannan samfuri na gidan sarauta ne da shugabannin ƙasashe. Ga yadda aka raba su: gidan sarautar Ingila 5, Janar Franco na Sifen 3, Sarkin Kuwaiti 3, Shah na Iran 2, gidan sarautar Iraƙi 2, Aga Khan 1, Yarima Talal na Saudiyya 1. Ta 18 kuwa, ku saurara da kyau, a-kori-kura ce. Kamfanin ya ɗora mata bodin ɗaukar kaya, yana gwaji da ita yana kuma jigilar kayan aiki, har aka wargaza ta a 1963. Wato dai 'yar uwar motar Sarauniya, uwa ɗaya uba ɗaya, dako ta yi har ta mutu.

INDA MOTA TA ZAUNA A GIDA

Yanzu bari mu bi sawun wasu daga cikinsu mu ga inda suka kwana. Mu fara da ta farkon. A watan Fabrairu na 1952 Sarki George na shida ya rasu, Gimbiya Elizabeth ta zama Sarauniya. Nan da nan aka sake wa motar fenti, daga kore zuwa ja mai duhu da baƙi, launin motocin fada, aka kuma cire mata lamba, domin motocin fada na Ingila ba sa ɗaukar lamba. A 1955 aka sa mata giya mai canza kanta. Ba ta taɓa barin gidan ba. Ita ce ta ɗauki amarya Meghan da mahaifiyarta zuwa Windsor ranar 19 ga Mayu, 2018, lokacin ɗaurin aurenta da Yarima Harry. A ranar motar tana da shekara kusan 68. Sarauniya ta rasu a watan Satumba na 2022, ta bar motar a gidan, ɗanta Sarki Charles na uku ya gaji sarautar.

Sai na Sifen. Janar Franco soja ne da ya riƙe ƙasar da ƙarfi bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1939. An kawo masa nasa guda uku a 1952, biyu rufaffu, ɗaya mai buɗaɗɗen sama, kuma an sa musu sulke saboda tsoron harsashi. Franco ya mutu a 1975, ƙasar ta koma hannun Sarki Juan Carlos, aka kuma dawo da mulkin zaɓe. Tsarin mulki ya canza kakaf, amma motocin ba su motsa ba, domin tun asali dukiyar gwamnati ce, ba ta aljihun Franco ba. Mai buɗaɗɗen saman nan ita ce ta zaga da Yarima Felipe da amaryarsa Letizia a birnin Madrid a 2004, ita ce kuma ta sake ɗaukarsa a watan Yuni na 2014 ranar da ya zama sarki.

INDA MOTA TA RASA MAI ITA

Daga Turai sai mu nufi gabas, inda labarin ba shi da daɗin ji. Sarki Faisal na biyu na Iraƙi ya gaji mahaifinsa a 1939 yana ɗan shekara uku, don haka kawunsa Abdul Ilah ya riƙe masa ƙasa. A watan Mayu na 1953 ya cika shekara 18 ya karɓi mulki, kuma a shekarar ce gidan Hooper ya kammala motoci biyu, ɗaya ta sarki, ɗaya ta kawun. Shekara biyar kawai aka yi ana hawansu. Ranar 14 ga Yuli, 1958, sojoji suka yi juyin mulki a Bagadaza, aka kashe sarkin yana da shekara 23, aka kashe kawunsa. Motar kawun kuwa a daidai lokacin tana Landan an kai ta gyara. Ta tsira, amma wanda ya aiko ta bai dawo ya karɓa ba.

Shah na Iran, Muhammad Reza Pahlavi, shi sau biyu ya saya. Ta farko mai buɗaɗɗen sama ce, an kai masa a 1951, amma ba ta yi albarka ba, aka mayar wa kamfanin, aka wargaza casis ɗin a 1959. Sai dai bodin bai tafi bola ba, an cire shi aka ɗora a kan casis ɗin wata tsohuwar Phantom III. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ta biyun kuwa ita ce autar Phantom IV, an gama ta a 1956. A watan Janairu na 1979 juyin juya hali ya tilasta wa Shah barin ƙasar, ya rasu a Alƙahira a 1980. Motar ta tsaya a Iran, aka kai ta gidan adana tsofaffin motoci inda jama'a ke zuwa kallo. Da a-kori-kurar nan da motar Shah ta farko su ne biyun da aka wargaza, saura 16 suka rage.

MOTAR DA TA KOMA ƊAUKAR BAƘI

To dillali, ga naka rabon. Aga Khan na uku, Sultan Muhammad Shah, ba shugaban wata ƙasa ba ne. Shugaban mabiya Isma'iliyya ne, an haife shi a Karachi a 1877, kuma mutum ne da manyan duniya ke girmamawa, har ya shugabanci babban taron tsohuwar majalisar ƙasashen duniya a 1937. Shi ne wanda mabiyansa suka ɗora a kan sikeli suka auna nauyinsa da zinariya a 1936, suka kuma auna shi da lu'ulu'u a 1946, aka zuba dukiyar cikin ayyukan taimakon al'ummarsu.

A 1952 gidan Hooper ya gama masa tasa, mai lamba 4AF20, koriya, irin wadda ake zuge rufin da ke kan direba a bar na mai gida a rufe. A cikin yarjejeniyar cinikin an rubuta sharaɗin cewa ba zai sayar da ita ba. Bai kuwa sayar ba har ya rasu a 1957. Amma sharaɗin da aka yi da mai rai, wa zai bi shi kabari ya tuna masa? Bayan rasuwarsa matarsa ta sayar da motar, ta ƙetare teku zuwa jihar Missouri ta Amurka, ta faɗa hannun masu wani otal. Aikin da aka ba ta shi ne ɗauko baƙi daga filin jirgin sama. Wato motar da aka hana attajirai, ga shi duk wanda ya kama ɗaki yana iya miƙe ƙafa a cikinta.

Ko a nan ma ba ta daɗe ba. An yi ta ne don mutum ɗaya wanda kayansa ke biyo shi a wata motar, saboda haka but ɗinta ƙarami ne, ba ya cin akwatunan matafiya. A 1962 otal ɗin ya rabu da ita. Daga baya aka sake mata fenti ta koma ja, kuma a 2011 an fito da ita kasuwar gwanjon tsofaffin motoci a jihar Kalifoniya, inda ba a tambayar mai taya ko ɗan wane ne, aljihunsa kawai ake dubawa.

Haka kuma kamfanin kansa bai daɗe a kan wannan ƙa'ida ba. A 1959 ya fito da Phantom V, wadda aka yi guda 516, kuma ita kowa ya kawo kuɗi ana sayar masa. Har wani mawaƙin Ingila mai suna John Lennon ya sayi ɗaya, a 1967 ya sa aka shafe ta da ruwan ɗorawa aka zane ta da furanni, dattawan ƙasar suna ta tsaki.

ME YA KASHE SANA'AR?

Manomi zai so ya san abin da ya sami masu yin bodin nan, tunda ɗansa irin hanyarsu ya kama. Abu biyu ne suka ci su. Na farko tsada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, ladan ma'aikata ya hau, haraji ya yi wa masu dukiyar gado nauyi, masu iya biyan aikin wata da watanni suka ragu. Shi kansa Rolls-Royce a 1949 ya fito da wata mai suna Silver Dawn, wadda take fitowa da bodinta na ƙarfe tun daga masana'anta, inji ne ya matse fallayen cikin ƙiftawar ido.

Na biyu shi ne sabon salon ƙira, inda ake haɗe casis da bodi su zama abu guda kamar gwangwani, irin yadda ƙananan motocin da muke hawa suke. In babu casis tsirara, mai bodi a kan me zai ɗora aikinsa? Gidan Hooper ya daina yin bodi a 1959. A shekarar ce Rolls-Royce ya saye H. J. Mulliner, a 1961 kuma ya gama shi da Park Ward suka zama gida ɗaya. A 1965 kamfanin ya fito da Silver Shadow mai haɗaɗɗen jiki. Phantom VI ce ta ci gaba da tsohuwar hanya, ana yin 'yan kaɗan a shekara, har ita ma aka rufe ta a farkon shekarun 1990. Tun daga 2003 kuwa motocin da ke ɗauke da sunan Rolls-Royce a ƙarƙashin kamfanin BMW na Jamus ake ƙera su, a wani wuri mai suna Goodwood a kudancin Ingila.

Amma malam manomi, ka lura da abu biyu. Babbar motar ɗaukar kaya har yau da casis take zuwa, domin buhu ɗari ba ya hawa kan gwangwani, saboda haka mai ɗora bodi bai rasa abin yi ba. Sa'an nan su waɗannan tsofaffin motoci 16, in ɗaya ta ƙuje ko ta lotsa, babu kantin da za a je a sayo mata ƙofa. Sai an nemo mai guduma da ido da haƙuri ya sake bugo ta kamar yadda aka yi tun farko, kuma masu wannan hannu sun yi ƙaranci a Turai, ana nemansu ruwa a jallo. Masu yi maka dariya ka gaya musu sarakuna sun yi layi a ƙofar masu irin sana'ar ɗanka. Abin da za ka matsa masa a kai shi ne ya koyi awo da kyau, ya kuma haɗa da aikin ƙarfe da walda, kada ya tsaya ga katako kaɗai, domin gidajen da suka ƙi sauyawa su suka fara rufewa.

LAMBA BA TA ƘARYA

Wani zai ce, to ta yaya aka san duk wannan tarihi, mota ta bi hannu da yawa ta ƙetare teku? Amsar ita ce lambar casis. Kowace mota da ta fita daga kamfanin an buɗe mata kati, an rubuta lambarta da ta injinta, da gidan da ya yi bodi, da sunan wanda ya saya, da ranar da aka miƙa. Masu cinikin tsofaffin motoci kafin su dubi ƙyalli, wannan lamba suke fara nema su gwada da takardu. Mota biyu za su zo iri ɗaya, shekara ɗaya, amma wadda aka san duk hannun da ta bi, ba giɓi, ita ke ɗaukar kuɗi mai tsoka. Wadda tarihinta ya yanke a tsakiya kuwa, sai a yi ta jan ƙafa.

Kun dai ji da kunnenku. Motar Sarauniya koriya ce ta koma ja da baƙi. Ta Aga Khan koriya ce ta koma ja. Bodin motar Shah yana kan casis ɗin wata motar daban, wanda duk ya gan shi daga nesa zai rantse Phantom IV ce, alhali ba ita ba ce. Fenti ana sakewa, bodi ana ɗagewa, lambar gaba da baya ana cirewa.

Wannan ya shafe mu, domin yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, ta hannu ce. Bayan kaka mutum zai tattara kuɗin amfanin gonarsa na shekara biyu ko uku, ko jarin da ya daɗe yana tarawa, ya je ya sayo a-kori-kura ko babur don kai kaya kasuwa. In sabon fenti ya ɗauke masa hankali bai duba komai ba, wata rana a shingen hanya za a ce abin hawan na sata ne, ya rasa mota, ya rasa kuɗi, wataƙila ma ya kwana a bayan kanta. Saboda haka kafin ka ƙirga ko sisi, ka tafi da makanikin da ka yarda da shi. A goge inda aka buga lambar casis da ta inji, a karanta su harafi-harafi, a gwada da abin da ke cikin takardu. In ka ga alamar an kankare wurin ko an yi walda a kansa, ka kama gabanka. Ka tambayi mai sayarwa daga hannun wa ya samu, ya nuna maka takardar wancan cinikin. Naku cinikin kuma a rubuta shi, da shaidu, kowa ya sa hannu. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

HUKUNCIN GARDAMA

To malam mai hatsi, ga saƙon da za ka kai rumfa. Direba ya faɗi gaskiya: daga 1950 zuwa 1956 an yi motar da kamfani ya ƙi sayar wa mai kuɗi don kuɗinsa, saboda haka wanda ya kira shi maƙaryaci a gaban jama'a, a gaban jama'ar ya kamata ya janye. Dillali kuma bai yi nisa da gaskiya ba: ƙa'idar a kan sabuwar mota kawai ta yi aiki, shekara shida ta yi, kuma da masu motocin suka kau, kasuwa ta yi halinta. Hausawa sun ce sarki goma zamani goma. Faisal da Franco da Shah da Aga Khan da Sarauniya duk sun wuce, motocin da aka auna da jikinsu wasu ne ke zama a ciki. In waɗannan ba su dawwama a kujerar ba, ban ga dalilin da zai sa zumuncin shekara goma ya mutu a kan motar da ko tayarta ɗayanku bai taɓa gani ba. A sayo goro a raba, a dawo kwano ɗaya, kuma ka rubuto mana ka shaida mana an shirya.

Sauran masu wasiƙu da ba su ji tasu ba, ku yi haƙuri, suna nan a jere, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai rubutowa ya riƙa rubuta tambayarsa a fili, ya kuma faɗi garin da yake.